Alamar Birki a Gonar Goggo Léontine

Paris, 9 ga Mayu 1954

Goggo Léontine,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da shanunki da gwiwar nan taki mai hana ki zuwa coci in an yi ruwa. Na san abin da za ki faɗa tun ba ki gama yage ambulan ba: "Ɗan Baptiste ya tuna da mu, ruwa ba ya tsami banza." Kin yi gaskiya, amma bari in gama gaisuwa. Ke da babana 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma tun da ya rasu babu wanda ya rage a dangi da zai zage ni in ji daɗi sai ke.

Hatsarin da na yi a Italiya, wanda 'yan jarida suka ƙara wa gishiri, ya wuce. Ƙafa ta ɗoru, haƙarƙari ya daina suka ta in na yi dariya. Matata Solange tana gaishe ki.

Ga labarin. Pradel, mai shuɗɗan motocin tseren nan na Lyon, ya ba ni mota ɗaya a tseren Roquevieille na watan Yuli. Goggo, shekarata talatin da takwas, kuma duk rayuwata motocin da masu hali suka gaji da su nake tuƙawa. Wannan ce ta farko da ta isa ta ci tsere. A gareji, gaban bakanikai, Pradel ya ce da ni: "Couderc, kai tsohon doki ne, amma ka san hanyar garinku. Ka kawo min ita cikin ukun farko, kujerar direba ta baɗi taka ce. Ka kawo min ita a buhu, ko a hanya muka haɗu kada ka gaishe ni."

Kin san in aka rufe hanyoyin ƙauye ranar tsere, daga dogon gangaren nan motoci ke saukowa su sha kwanar da ke ƙasan gonarki. Kowane direba yana da alamar da yake taka birki in ya zo daidai da ita, wani turken waya, wani kusurwar gida. Ni tawa bishiyar nan ce da Kaka ya dasa a bakin kwanar, tun ina saukowa gangaren a kan kekenki ina ɗan yaro. Roƙona ɗaya ne: ki sa a shafe mata gindi da farar ƙasa, daga tushe har inda hannun mutum ya kai, ta yi fari tas.

Ɗanki,
Émilien

Roquevieille, 17 ga Mayu

Émilien,

Takardarka ta iso. Lafiya lau muke, gwiwa tana nan tana aikinta, jar saniya ta haihu. Rubutunka ya yi girma kamar na ɗan aji ɗaya. Takarda ce ta yi araha a Paris?

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na karanta wa maƙwabcina Anselme ta kan shinge, ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Yaron nan da ya afka min cikin kabeji da keke? Shi za a ba mota? Wannan Pradel ɗin ya gaji da dukiyarsa." Washegari kuma matarsa ta ce min yana can gidan shan kofi yana cika baki wai shi ya koya maka riƙe sitiyari.

Zancen bishiya ya sa ni hawaye. Ban zaci akwai sauran wanda ke tunawa da tsohon da ya dasa ta ba. Tunda girmama shi kake so, za mu yi abin da ya fi farar ƙasa. Magajin gari ya zo da mutanen tsere, suna so su kafa ƙaton allon tallar man inji a gabanta. Da na ƙi, amma yanzu zan ce su kafa, da sharaɗin su rubuta sunan Couderc a samansa, kowa ya gani. Batun alama kuma ka kwantar da hankalinka. Sun ce bana za su dasa ƙananan alluna masu lamba kafin kowace kwana, ɗari uku, ɗari biyu, ɗari, don ku san inda za ku taka birkin naku. Ka ga bishiya ta huta.

Ka zo da Solange, na ajiye muku cuku.

Goggonka

Paris, 22 ga Mayu

Goggo,

Ina fatan kina lafiya. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa. Kada ki bari su kafa komai a gaban bishiyar. Ki je wurin magajin gari yau ɗin nan ki janye maganarki, ko da za ki ɗingisa har can.

Ba ki fahimce ni ba, kuma laifina ne, don na yi ta kewaye-kewaye. Abin da zan gaya miki ko Solange ba ta sani ba. Tun daga hatsarin, idona na hagu ya kusa mutuwa, na dama kuma kamar ta gilashin taga mai raɓa yake gani. Babban abu fari ina hango shi daga nesa. Ƙaramin allo mai lamba kuwa, a gudun kilomita ɗari biyu, sai na wuce shi nake sanin yana wurin. Likitan masu tsere ya duba ƙafata, ya sa na yi tsalle, ya roƙe ni in sa hannu a hotona don ɗansa, ya buga hatimi. Bai tambayi ido ba, ni kuma ban kai masa ba.

Kada ki firgita. Hanyar Roquevieille a jikina take. Duk sauran kwanonin ina da manyan alamomi: bangon maƙabarta, farin gidan mai niƙa, bakin gada. Taki ce kaɗai ba ta da komai sai bishiyar, kuma ita ce mafi sharri, don da dukan gudun gangare ake shigarta.

Tsere ɗaya nake roƙo. In na samu kujerar baɗi, akwai wani likitan ido a Geneva da aka ce yana gyara irin wannan, sai in je a lokacin sanyi ba wanda ya sani. In kuwa zancen ya fita yanzu, za a karɓe lasisina, kuma ba a mayar wa mai shekaruna. Ban iya komai ba, Goggo. Ban iya noma ba, ban iya zaman ofis ba. Tsoro nake ji, ba na kwanar ba, na ranar da zan tashi da safe ba ni da motar shiga.

Na faɗa miki ne don ke Couderc ce, mu ba ma kai zancen gida waje. Ki jefa wannan a murhu.

Émilien

Roquevieille, 29 ga Mayu

Émilien,

Lafiya muke, in wannan ce lafiya. Tun da takardarka ta zo abinci bai yi min daɗi a baki ba.

Allon ba za a kafa ba, na sallami magajin gari. Iyakar abin da ka samu a wurina ke nan.

Kai, kanka ɗaya kuwa? Idon ne kaɗai ya taɓu a Italiya, ko har da abin da ke bayansa? Ka manta su wa ke zama a kan katangar da ke bayan kwanar nan ranar tsere? Yaran ƙauye kaf, ƙafafu suna lilo, burodi a hannu, jikokin Anselme a tsakiyarsu. Kai ma a nan ka zauna ka fara ganin mota. In ka wuce alamarka da tsawon ɗaki ɗaya, a cinyarsu za ka sauka. Ranka naka ne, ko da yake Solange tana da ta cewa a kai. Nasu fa, wa ya ba ka?

Ba zan kai ƙararka ba. Ban taɓa kai ɗan gida gaban hukuma ba, ko a zamanin Jamusawa, ba kuma zan fara da tsufana ba. Kai da bakinka za ka je ka gaya wa Pradel. Mutum ya rasa sana'a ya rayu, mun gani. Babanka ya rasa gona ya rayu.

Ina jiran amsarka kafin bikin Saint-Jean na ƙarshen Yuni. In ban ji daga gare ka ba, kada ka ga laifin kowa.

Léontine Couderc

Roquevieille, 27 ga Yuni

Émilien,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanci gaisuwa ba. An yi bikin, an kunna wuta a dandali, an watse. Kullum ina tsaye bakin hanya ina jiran mai raba wasiƙu, har ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni. Shirunka na ɗauke shi amsa.

To, ga tawa. Bishiyar Kaka tana kwance. Jiya Anselme da 'ya'yansa suka zo da zarto. Ya daɗe yana kallona kafin ya sa hannu, ya ce, "Léontine, lafiyayyar bishiya ce, ga 'ya'ya sun fara. Man da kike matsewa daga 'ya'yanta duk shekara fa?" Na ce, "Kai na ɗauko ka yanka ko ka yi min wa'azi?" Da ta faɗi ƙasa ta girgiza har kwanukan kicin suka amsa. Na shiga ɗaki na kulle, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne mijina.

Yanzu ba ka da alama. Kututture ne kawai a cikin ciyawa, ko mai ido biyu sai ya nema. Ka ƙi ni in ka ga dama, amma kada ka zo.

Na aika wannan gidanka na Paris, tunda nan kaɗai na sani.

Goggonka

Liège, 5 ga Yuli

Goggo ta kaina,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi da zafin nan. Takardarki ta ƙarshen Mayu sai shekaranjiya ta same ni, ta bi ni gari uku, duk ta yamutse. Tun farkon Yuni muke kan hanya da motocin Pradel, ni ke gwada su kafin a ba yara su yi tsere. Gidan Paris a kulle yake, Solange ta tafi wurin mahaifiyarta a bakin teku, saboda haka kada ki wahalar da kanki da aika komai can.

Na karanta faɗanki har sau uku, na yi dariya, na kuma ji kunya. Amma na san ki. Haka kika yi ranar da na karya miki keke: kika bi ni da tsintsiya har rijiya, da yamma kuma kika ba ni babban yankin kek. Kin kori magajin gari, wannan ya ishe ni sanin inda zuciyarki take. Yara kuma ki sa jandarmomi masu tsaron hanya su sauke su daga katanga, shi ke nan magana ta ƙare.

Akwai 'yar matsala. Injin motata ya fashe a gwaji, ana haɗa wani a Lyon, gobe zan bi shi can ko wani garejin da ke hanya, ban ma san inda za mu kwana ba. Ba za mu iso Roquevieille ba sai safiyar Asabar, gwajin Alhamis da na Juma'a sun wuce ni. Na Asabar kaɗai ya rage, kuma da shi ake raba layin tashi, ga shi gajere. Ba ni da damar zagayen leƙe. Daga saukar da mota zan shiga, kuma tun zagayen farko zan taka ta har ƙasa.

Ba zan biyo ta gida ba, kin san ba na ganin dangi kafin tsere, duk direba da camfinsa. In na sauko gangaren na hango farin gindin nan, na san kin yafe min.

Naki har kullum,
Émilien

Asabar da rana, daga rumfar motoci

Goggo!

Ina fatan kin koma gida lafiya. Bakanike na ba wannan ya kawo miki da zarar an buɗe hanya. Na zo na biyu! Na biyu, a gaban Italiyawa duka in ban da ɗaya! Pradel ya sumbace ni a goshi.

Zagayen farko na ga fari na taka birki, sai da na wuce na ce a raina, yaushe bishiyar Kaka ta gajarce, yaushe kuma ta fara kaɗawa? A na uku na gane babu bishiya. Da na sauka wani mai tuta ya ce min wata tsohuwa ce da wani tsoho suka ɗaga zanen gado. Ban san me ya sami bishiyar ba, tsawa ce ko mutanen magajin gari, za ki ba ni labari. Amma ke uwa ce, Goggo.

Gobe ma haka za a yi. Daidai wurin, kada ku matsa ko taki ɗaya. Tseren zai kai awa uku, ki samo wanda zai karɓe ki in hannu ya gaji. Ku ja zanen sosai, iska tana lanƙwasa shi.

É.

Roquevieille, Asabar da yamma

Émilien,

Na koma gida lafiya. Bakanikenka yana zaune a kicin yana cin miya, shi zai komo maka da wannan.

Ba tsawa ba ce. Ni na sa aka sare ta, don in hana ka zuwa, kuma na rubuta maka, takardar tana can ƙarƙashin ƙofarka a Paris. Taka ta Liège jiya da yamma ta iso. Na karanta a tsaye. Na aika ɗan Anselme gidan waya a kan babur, aka buga Lyon, aka ce motocin Pradel sun tashi, ba a san ta wace hanya ba. Da sassafe na sa takalmi zan tafi rumfarku, na tarar an riga an rufe hanya. Jandarma ya ce, "Iya, ko shugaban ƙasa ne ba ya wucewa." Na ce ɗana ne a ciki. Ya ce, "Yau kowa ɗansa ne a ciki."

A kwanar akwai mai tuta, da wayar da ke kai magana har wurin manyan tsere. Na je na tsaya a gabansa. Kalma kaɗan ce, in ce mai lamba goma sha huɗu, wato kai, ba ya gani, a tsayar da shi. Ya ce, "Iya, me kike so?" Shekara sittin da tara ana koya min ba a kai ɗan gida waje, ga shi ranar da ya kamata in kai, na kasa. Sai na ji injuna sun fara kuka daga can ƙasa.

Ban san yadda gwiwar nan ta hau gida ta dawo ba. Zanen aurena ne, wanda ban taɓa shimfiɗawa ba. Muka ɗaura shi a sandunan wake biyu, na riƙe ɗaya, Anselme ya riƙe ɗaya, muka tsaya a kan kututturen. Yana ta mita: "Léontine, kin sa na sare bishiya, yanzu kin mai da ni bishiya. Gobe kuma me zan zama, gada?" Na ce ya rufe baki ya ɗaga hannu. Katanga kuwa cike take da yara. Jandarma ya sauke su, yana juya baya suka koma, kamar yadda kuka riƙa yi.

Da shuɗiyar motarka ta ɓullo a kan gangare, na daina numfashi har sai da na ji ƙarar birki. Duk zagaye haka. Sau ɗaya iska ta kwantar da zanen kana tafe, na ji ka makara, na ga bayan motar ya yi wutsiya, tayarka ta watsa wa yaran tsakuwa. Suka yi ta tafi, su a ganinsu gwaninta ce. Kai ba ka ma ambaci wannan a takardarka ba. Ko ba ka gan su ba ne?

Na ɗaga zanen yau don ba ka san bishiyar ta tafi ba, kuma ni na jawo. Yanzu ka sani. Gobe babu zane. Na ninke shi na mayar akwati, Anselme kuma na gaya masa in ya fito da ko farin hankici ne, ni da shi har abada.

Ga inda za ka same ni. Bayan an fito daga coci zan sa baƙar rigata in je in zauna a kan katangar, a tsakiya, daidai inda mota ke zuwa in ta ƙi shan kwana. Ba zan gaya wa mai tuta komai ba, sirrinka yana nan. Ba za ka hango ni ba, na sani, baƙi ne kuma ƙarama ce ni. Shi ya sa nake gaya maka tun yau.

Ina ƙaunarka tun kana cikin zanen goyo. Ka yi abin da ka ga dama.

Goggonka

Lyon, 13 ga Yuli

Goggo Léontine,

Ina fatan kina lafiya, kuma zaman katanga bai tayar miki da gwiwa ba. An ce har aka gama ba ki motsa ba, ko da aka gaya miki ba ni ne a motar ba.

Na sa hular kwano, na shiga mota, an tura ni har layi na farko. Ina zaune ina lissafin yadda zan yi: in ƙirga bugun zuciya daga gidan mai niƙa, in taka birki da wuri, in bi bayan wani in ga inda ya rage gudu. Duk dabara ce mai kyau. Sai na ɗaga kai in dubi mai tutar tashi, na ga ban san ko tutar a sama take ko a ƙasa ba. Na fito.

Pradel ya zo a guje. "Me ya faru? Inji ne?" Na ce, "Ido ne, maigida. Tun Italiya." Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce a hankali, "Kuma jiya ka zo na biyu?" Na ce e. Ya ce, "Ɗan banza. Da ka kashe min mutane." Daga nan ya juya ya ƙwala wa Vidal kira, wani yaro ɗan shekara ashirin da biyu da ke jiran irin wannan rana. Ko hularsa bai tsaya nema ba, tawa ya karɓa daga hannuna. Jiya na mayar wa hukumar tsere lasisina da kaina. Na gaya wa Solange ta waya, ta ce tana zuwa.

Ban yafe miki ba tukuna, gara in faɗa. Na san kin yi daidai, kuma sanin bai rage komai ba. Ki ba ni lokaci. Kada ki rubuto sai na rubuto.

Vidal ya zo na uku, kujerar baɗi tasa ce. Na kalli tseren duka daga bakin rumfa, a tsaye, hanya ba ta fi taku kaɗan daga gabana ba. Motoci suna ta wucewa, shuɗɗa da jajaye duk sun zama abu ɗaya. Can tsohon bakanikena ya lura ina bin kowace da kai. Ya matso kusa da ni. Daga nan har aka gama, duk sanda motar da Vidal ya karɓa ta zo wucewa sai ya taɓa min kafaɗa ya ce, "Ga taka nan."

Émilien